Makulli a Ƙarƙashin Dutse

Tsohon tela ya tsaya a rumfar mai sayar da kwaɗo, ransa a ɓace. Jiya an kwashe masa yadi, saura keken ɗinkin da yake ci da iyali.

"Samari, ba ni kwaɗon da ya fi ƙarfin ɓarawo. Tun da kwalta ta shigo garin nan muka rasa sukuni."

"Baba, fasa wancan suka yi?"

"Ko ƙwarzane babu. Har rufe mini suka yi."

"Ina kake ajiye makulli?"

"Ƙarƙashin dutsen bakin ƙofa mana, inda mahaifina yake ajiyewa. Wa bai sani ba?"

Mai kwaɗo ya yi gyaran murya, ya miƙo mafi tsada.

"Wannan makullinsa uku, Baba."

"Madalla. Dutsen babba ne, zai rufe su duka."