Shekara Goma Sha Tara Muna Sauraron Kifi Cikin Sanyi

Mai girma shugaban taro, shugaban jami'a da mataimakansa, malamaina da suka rage a raye, abokan aiki, ɗalibai, da iyalina da ke layin gaba, assalamu alaikum.

Na gode da kuka bar ayyukanku kuka taru domin karrama ni. Na gode da allon da kuka rubuta sunana a kai. Sai dai ina roƙo kada a yaye ƙyallen da ke kansa sai kun ji ni, domin mai yiwuwa ku fasa.

Na farko, aikin da kuka san ni da shi. Kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa tana da ƙananan ƙofofi a jikinta. Wasu su buɗe sinadarin sodiyam ya shiga, wasu su buɗe sinadarin fotasiyam ya fita, daga nan ake samun bugun lantarkin da ƙwayar ke aika saƙo da shi. Shekara goma sha tara muna soka allurar gilashi a ƙwaƙwalwar kifi muna sauraro ta lasifika, kullum abu ɗaya muke ji: bugu uku, shiru, bugu uku, shiru. Muka ce wata ƙofar fotasiyam ce mai nawar rufewa, muka ce da wannan salon kifi ke gane motsin ruwa. Muka rubuta, aka tafa mana, ni kuwa kaina ya kumbura.

Na biyu, abin da ba ku sani ba. Tsohuwar na'urar awonmu ba ta jure zafi, shi ya sa muke ƙure na'urar sanyaya ɗaki. Kun sha ganin ɗalibaina cikin rigunan sanyi da rana tsaka, kuna yi mana tsiya wai nama muke ajiyewa. Baba mai kula da tankunan kifi ya taɓa tambayata dalilin da zai ɗumama musu ruwa, mu kuma mu kai su cikin sanyi. Na ce masa ya ji da tankunansa.

Wata uku da suka wuce na'urar sanyin ta mutu. Ɗalibata ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, ta ƙi jiran mai gyara, ta kunna wa na'urar awo fanka ta ci gaba da aiki cikin ɗumi. Ta same ni a ofis ta ce, "Malam, ƙwayoyin sun daina yin shirun nan." Na ce hannunta ne. Ta maimaita sau arba'in. Na zauna na gwada da kaina. Jama'a, sanyi ne ke sa ƙofar nawar rufewa. A ɗumin da kifi ke rayuwa, babu bugu uku, babu shiru. Abin da muka yi ta aunawa, sanyin ɗakinmu ne.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ni na ci zamanina, sunana ya tashi ko ya faɗi, duk ɗaya. Auta kuwa shekara biyar ta yi tana gina kundin digirinta a kan maganata. Ranar Litinin wa'adinta zai cika, kuma dokar jami'a ba ta ƙara ko kwana ɗaya. Ta tambaye ni ko ta miƙa kundin ko kada ta miƙa. Na ce ta bari a gama bikin nan tukuna. Wata uku da za ta iya gyara wani abu a cikinsu, na cinye mata su saboda wannan allon. Ina jin kunya, kuma ban ga mafita ba.

Shugaban jami'a, na san amsarka, amma dole in roƙa: a ƙara mata lokaci.

Auta, 'yata, ga amsar da na hana ki. Kada ki miƙa. Babi ɗaya ne gaskiya a cikinsa, wanda kika rubuta kan awon cikin ɗumi ba da izinina ba.

Allah Ya ba ta abin da na kasa ba ta. Allah Ya raba ku da yabon da ke toshe kunne, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe.