Kifin Tafkin Ƙarshe

Ina goye da ɗana a layin ganin likita, sai wata tsohuwa mai sana'ar wanki ta hangi rigar kamfanin rini a jikin mutumin da ke gefenta.

"Ɗan nan, ku ne masu sako mana baƙin ruwa a rafi? Dubi hannuwana, duk sun saɓule."

"Da ne, Inna. Yanzu mun gina matatar ruwa."

"Wadda kuke kashewa don tsadar mai?"

"An yi haka. Ginin ya ci kuɗi, kunna ta kullum ya fi ci: ga mai, ga magani, ga albashinmu. Sai maigida ya gane ruwan da aka tace yana sake yin rini, ba sai ya sayi na tanka ba. Yanzu in injin ya tsaya, shi ke fara faɗa."

"Daɗin baki!"

"Wallahi, kifi muka zuba a tafkin ƙarshe, inda ragowar ke fita rafi. Wata huɗu, har sun hayayyafa."

Ta dubi hannuwanta. "Gobe ina tafe. In na tarar sun mutu, kai zan jefa ciki."

"Ki zo, Inna. Na iya ruwa."