Aksil Ɗin da Ya Karye Bayan Tsafe

A wani gareji a Tudun Wada, Gusau, wani dattijo mai jiran gyaran motarsa ya zauna benci ɗaya da wani direba da bai sani ba. Gabansu ga a-kori-kura an ɗage bayanta.

"Malam, taka ce wagga?" in ji dattijon.

"Tawa ce, Alhaji. Aksil ɗin baya ya karye mini bayan Tsafe. Karo na biyu ke nan cikin sati guda."

"Walda za a sake yi?"

"Walda. Sabo sai an aiko daga Kano, ni ko ba ni da kwana ukun jira."

"Ku direbobin yanzu ba ku jin magana. Aksil ba ya karyewa haka kawai. Lodi ne. Ka lafta mata buhu arba'in, ka faɗa rami a guje."

"Ba buhuna ba ne, Alhaji. Mutanen ƙauyenmu nike kwasowa. 'Yan bindiga sun aiko muna mu tashi kafin Juma'a. In na tsaya, mata da yara da tukwanensu duk sai su hau. Wa zan ce wa ya sauka?"

"To ka dinga rage gudu wurin ramuka."

"A dajin nan? Kai za ka rage?"

Dattijon ya dubi a-kori-kurar.

"Saura sawu nawa?"

"Ɗaya. Innata ce da tsofaffi shida. Ta ce ba ta hawa sai ta ga an kwashe kowa."

"Yau fa Alhamis."

"Na sani, Alhaji."

Dattijon ya juya wajen bakaniken. "Kamilu, bar tawa ta kwana nan. Kama tashi."