Taron Tsayenmu da Jinin Seun

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Nelson. Iyayenmu malamai na nan Samaru. Shugabannin 'yan kasuwar Sabon Gari. Abokan sana'ata masu rubuta manhaja da masu kula da na'urori. Ɗalibai da sauran jama'a, ina gaishe ku da girmamawa. Na gode da kuka gayyace ni, na kuma gode da kuka zo.

An ce in zo in faɗi yadda ofishinmu ya ci nasara da tsarin ajayil. Ku yi haƙuri, yau kunya ce ta rako ni, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu na farko, tsarin kansa ba shi da laifi. Cewa yake a yi aiki kaɗan-kaɗan, a gwada, a gyara, kuma kowace safiya masu rubuta manhaja da mu masu kula da saba, wato na'urar da manhajar ke zaune a kanta, mu tsaya wuri guda kowa ya faɗi abin da ya cije masa. Mun tsaya kuwa. Tsayuwa dai mun iya ta.

Abu na biyu, mun mai da taron ya zama gaisuwa kawai. Ni ce babba, ni nake farawa, in ce komai lafiya. To wa zai musa wa shugaba? Winifred, mai rubuta manhajarmu ta neman masu ba da jini, ta san sabon gyaranta yana cin wuri a saba, amma ta ga Baba Kefas, mai riƙe da sashen saba, sa'an mahaifinta ne, ba ta so ta yi kamar tana koya masa aiki. Baba Kefas ya san saba ta kusa cika, amma bai so yara su ga gazawar sashensa. Ita ta ce lafiya lau, shi ya ce lafiya lau, ni na ce madalla.

Ranar Asabar saba ta cika, manhaja ta tsaya cak. A ranar ce Seun, ɗan Madam Mojisola mai sayar da atamfa, yaro mai sikila, ya buƙaci jini. Uwar ta latsa waya har ta gaji, sannan ta bi rumfa-rumfa tana roƙo, har wani mai ɗinki ya bi ta zuwa asibiti ya ba da jini.

Ranar Litinin Madam Mojisola ta same mu a ofis muna tsaye. Ta ce, "Ina kwananku, yaya aiki?" Jama'a, baki ɗaya muka amsa, "Lafiya lau." Ta dube mu ta ce, "To, ɗana dai da ƙyar ya sha." Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Abu na uku, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yanzu ni ce ta ƙarshe a magana, mafi ƙanƙanta ke farawa, kuma tambayar farko ita ce, me ya lalace? Ina roƙon shugabannin ofisoshi ku ara ku yafa, domin Seun zai sake buƙatar jini, kuma akwai irinsa a Hanwa, akwai irinsa a Zabi.

Madam Mojisola, ga ki nan zaune, ki yafe mana. Allah ya ƙara wa Seun lafiya, Allah ya albarkaci wannan taro, ya mai da kowa gida lami lafiya, ya kuma ba mu bakin cewa "ba lafiya ba" tun da sauran lokaci.

Na gode.