Kujerun Bayan Tsohuwar Jif

A layin makanikai na Dembe, cikin Njamena, wani dattijo ya tsaya kan saurayin da ke kwance kujerun bayan wata tsohuwar jif.

"Samari, me kujerun suka yi maka?"

"Katifa zan shimfiɗa, Baba. Da araha na samu motar. In na sa manyan tayoyi, ranar hutu sai bakin kogi."

"Shekara sha huɗu ina goge fatar nan. Ni ne direban mai ita."

"Ashe ka san daɗinsu!"

"Ban taɓa zama a kai ba. Rana ɗaya maigidan ya rabu da mu, ni da ita, wai mun tsufa."

"To ɗauke su mana, kyauta."

"In kai su ina? Ita dai ta dace, ta samu mai gyara ta."