Hutun Makoki Ya Bar Mijina a Tsare

Barka da war haka, mai gabatarwa. Ni ce Rifkatu daga Fadan Kagoma.

An tsare maigidana kan rikicin iyakar gonar citta. Ranar da za a ba da belinsa, na hau mashin zuwa kotu a Kafanchan, sai na tarar da ƙofa a kulle. Mai gadi ya ce, "Mama, tsohon shugaban ƙasa ya rasu, an ba da hutu."

Allah ya ji ƙansa, ni ban ƙi makoki ba. Amma an ɗage shari'ar har wata guda, ga maigidana da ciwon suga, ƙafafunsa sun fara kumbura.

Lauyoyin da ke sauraro, don Allah ku taimake ni. Wurin wa zan je?