Hayaƙi Sama Yake Tashi

Ina gyangyaɗi a bencin asibiti, faɗan wani direba da wata dattijuwa ya farkar da ni.

"Gyambon baki na kawo, Inna, wai sai sun leƙa hanjina! Gida zan tafi."

"Kana shan taba?"

"Shekara talatin. Amma hayaƙi sama yake tashi, ina ruwansa da hanji?"

"Giya fa? Ita ma sama take tashi?"

"Likitan nan ne ya faɗa miki? Munafuki! Kwalba biyu kawai na ce masa!"

"Ban ma san shi ba. Maigidana ma ciwon dajin baki muka yi ta jinya, ashe akwai na hanji. Shi ma haka ya yi fushi ya tafi gida."

"Yanzu yana ina?"

"Ka gan ni da shi? Zauna a kira ka."